Bashin Tarar Hanya a Ƙasashen Gulf da Yadda Baƙo Zai Kauce Masa

Tarar karya dokar hanya a Saudiyya da Kuwait da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa bashi ce da ake rubutawa a kan lambar shaidar mutum. Ga baƙo mazaunin ƙasa, lambar ita ce ta iƙamarsa, wato takardar izinin zama, wadda da ita yake sabunta lasin tuƙi da takardun mota, da ita kuma yake neman izinin tafiya gida. Shi ya sa tarar da aka bari ba a biya ba takan ɓullo a wurin da mai ita bai zata ba, galibi ana saura kwana biyu jirgi ya tashi. Lamarin ya shafi jama'a masu yawa. Ƙidayar da Saudiyya ta yi a 2022 ta nuna cewa cikin mutum miliyan 32.2 da ke ƙasar, miliyan 13.4 baƙi ne, a Kuwait kuwa baƙin sun haura kashi biyu cikin uku. Daga cikinsu akwai 'yan Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan masu aikin tuƙi, wasu a gidajen masu hali, wasu a kamfanonin kai saƙo da ɗaukar ma'aikata.

A Saudiyya yawancin laifukan hanya kyamara ce ke kama su. Tsarin da ake kira Saher ya fara aiki a Riyad a 2010, da farko don gudun wuce ƙima da ƙetare jar danja, daga baya aka ƙara masa kama mai latsa waya yana tuƙi da wanda bai ɗaura bel ba. Direba yakan ga walƙiyar fitila a gefen titi ko ma kada ya ga komai, sai saƙo ya faɗo wayarsa daga Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, cewa an rubuta masa mukhalafa, wato laifi. Kuɗin ya danganta da girman laifi. Rashin bel riyal 150 zuwa 300 ne, riƙe waya 500 zuwa 900, ƙetare danja kuwa 3,000 zuwa 6,000, abin da ya fi albashin wata na direbobin gida da yawa. Ana ganin tarar a manhajar Absher, a biya ta banki ta hanyar SADAD.

Ƙarfin tsarin yana wurin karɓar kuɗin. Baƙon da ke da tara a kansa ba ya samun bizar fita da dawowa, wadda ma'aikata ke kira khuruj wa auda, sai ya biya. Wanda zai tafi ke nan, mai neman khuruj niha'i, an ƙara masa sharaɗin kada a samu mota da sunansa. Sabunta istimara, takardar rajistar mota, shi ma yana tsayawa. Kuwait ta bi wannan hanya daga 19 ga Agustan 2023, inda ta ce duk baƙon da zai bar ƙasar, ta sama ko ta ƙasa ko ta ruwa, sai ya biya tarar hanyar da ake bin sa, ko ta manhajar Sahel ko a ofisoshin da aka tanada a mashigai. Katar ta fara aiki da irin wannan doka a ranar 1 ga Satumban 2024. Dalilin hukumomin a fili yake: ɗan ƙasa yana nan, ko ba daɗe ko ba jima zai zo neman wata takarda a kama shi, amma baƙo in ya hau jirgi ya tafi da bashin ke nan. Ƙasashen yankin kuma suna ta haɗa rumbunan bayanansu, ta yadda laifin da aka yi a wata ƙasa zai iya bin mota zuwa maƙwabciyarta.

Tarar kanta tana ƙara tsada. Sabuwar dokar hanya ta Kuwait da ta fara aiki a 22 ga Afrilun 2025 ta kai kuɗin ƙetare danja dinari 150, amfani da waya dinari 75. A Dubai ƙetare danja yana jawo tarar dirhami 1,000 da baƙin maki 12 daga cikin 24 da ke sa a karɓe lasi, sannan a tsare motar, kuma tun 2023 fanso ta yana cin dirhami 50,000.

Duk lokacin da aka tsaurara irin waɗannan dokoki akan ji ana cewa baƙi ne suka lalata tuƙi, domin sun zo da ɗabi'ar garuruwansu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta kawai. Wasu masana tattalin arziki biyu, Raymond Fisman da Edward Miguel, sun bi diddigin jami'an diflomasiyya na Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York, waɗanda kariyar aikinsu ta hana a tilasta musu biyan tarar ajiye mota a inda aka hana. Tsakanin 1997 da 2002 jami'an sun tara takardun tara fiye da 150,000 da ba a biya ba, kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Jami'an wasu ƙasashe, irin su Norway da Sweden da Kanada, ba a same su da bashi ba duk da cewa babu mai iya taɓa su. A saman jerin masu laifi kuwa akwai Masar da Chadi da Sudan, na ɗaya kuma ita ce Kuwait, wadda a yau ba ta barin baƙo ya fita da bashin dinari ko guda. Wannan ya tabbatar da cewa tarbiyyar da mutum ya taso da ita tana bin sa ƙasar waje. Sai dai binciken ya nuna ƙarin abubuwa biyu. Yawan daɗewar jami'i a birnin yana ƙara masa yawan laifi, domin ya ga babu abin da ke biyo baya. A ƙarshen 2002 kuma, da aka bai wa hukumar birnin ikon cire lambar motar duk wanda bashi ya taru a kansa, laifukan sun ragu da kusan kashi 98 cikin ɗari. Abin da ya fi juya halin direba, baƙo ne ko ɗan gari, shi ne tabbacin cewa kuɗin sai an karɓa.

A nan ne direban da ya koyi mota a Kano ko Maraɗi yake yin kuskuren lissafi. Hannun tuƙi ba matsala ba ne, tunda Najeriya ta koma hannun dama tun 1972, daidai da Nijar da ƙasashen Gulf. Abin da ya bambanta shi ne yadda laifi ke ƙarewa. A gida jami'i ne ke ɗaga hannu ya tsayar da mota, a yi magana ido da ido, a ba da haƙuri, wani lokaci dattijon da ke kujerar gaba ya sa baki a rabu lafiya. Direba ya saba da cewa in babu jami'i a mahaɗa to babu laifi, in ma akwai to akwai sulhu. Kyamara ba ta jin "a yi haƙuri", kuma tana aiki da ƙarfe uku na dare kamar yadda take yi da azahar. Ƙananan abubuwan da ba a ɗauka da muhimmanci a gida su ne ke cinye albashi: karya kwana dama a kan jar danja ba tare da an tsaya cak ba, gotar da tayar gaba kan layin masu tsallaka titi, bin gefen kwalta don kauce wa cunkoso, ɗaga waya don duba taswira. Akwai kuma matsin aiki, wanda masu zargin baƙi ba su cika ambatawa ba. Mai kai abinci da ake biya gwargwadon yawan saƙon da ya kai, da direban gida da aka ce ya isar da yara makaranta cikin minti goma, dukkansu ana tura su ga gudu, tarar kuma a kansu take faɗawa.

Matakin farko na kariya shi ne sanin abin da ke rubuce da sunan mutum. Ya kamata lambar wayar da ke haɗe da Absher ko Sahel ta zama tasa ce, tana kuma aiki. Ma'aikata da yawa an buɗe musu asusun da layin wani abokin ɗaki ko na ofishin da ya kawo su, saƙonni suna tafiya can, su kuwa suna zaton ba a bin su komai. Duba manhajar sau ɗaya a mako ya wadatar. Mai shirin tafiya gida kuma ya duba tun kafin ya yanki tikiti, ya sake dubawa ana gobe tafiya, domin laifi yakan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana.

Na biyu, kuma wanda ya fi jefa mutane cikin wahala, shi ne batun wanda motar take da sunansa. Kyamara lambar mota take karantawa, tsarin kuma ya ɗora laifin a kan mai motar ko wanda aka yi wa tafwid, wato izinin tuƙa ta a hukumance. Idan mai gida ya yi wa direbansa tafwid, duk abin da motar ta yi yana hawa iƙamar direban, ko da ɗan mai gidan ne ya ɗauki makulli da daddare ya fita yawo. Direban da ya san wasu na hawa motar ya riƙa rubuta ranar da lokacin da ya ajiye makulli, ya kuma tabbatar an soke izinin ranar da ya bar aikin ko ya tafi hutu. Haka wanda ya sayar da mota ga ɗan'uwa a kan amana, aka biya shi kuɗi aka ce za a sauya suna "in an samu sarari". Muddin ba a kammala sauya mallaka ba, tarar mai saye ta mai sayarwa ce, ranar da zai nemi fita ta ƙarshe kuma motar za ta tare masa hanya, alhali wataƙila tana wani gari ko ta zama tarkace. Ara wa wani suna ya sayi mota ya fi wannan haɗari, domin ya haɗa da alhakin hatsari. Zumunci a ƙasar baƙunci abu ne mai daraja, amma akwai hanyoyin taimako da ba su taɓa lambar iƙama. Mai karɓar motar haya daga kamfani, ciki har da ɗan Umara da ya so zagaya Jidda da kansa, ya riƙe takardar da ke nuna ranar da sa'ar da ya mayar da ita.

Batun wanda zai biya tsakanin direba da mai gida ya fi kyau a yanke shi tun ranar fara aiki, a rubuce, ko da saƙon waya ne. Abin da adalci ya nuna shi ne laifin tuƙi, kamar gudu da waya, na direba ne, laifin mota kuwa, kamar ƙarewar istimara da inshora da rashin kai ta gwajin lafiya, na mai ita ne. Direban da aka umarta ya tsaya a inda aka hana yana da damar faɗin nawa tarar take kafin ya tsaya.

Wanda ya ga an rubuta masa abin da bai yi ba yana da damar ƙorafi. A Saudiyya ana shigar da shi ta Absher cikin kwana 30 daga ranar da aka rubuta laifin, in wa'adin ya wuce ƙofar ta rufe. Ƙorafin da ke tasiri shi ne mai hujja: hoton da ya nuna wata mota ce daban, takardar da ta nuna motar tana gareji a ranar, ko shaidar an riga an sayar da ita. Rashin ganin allon gudu ba hujja ba ne.

Idan laifin gaskiya ne, saurin biya ya fi araha, domin dokar Saudiyya ta yanzu tana rage kashi 25 cikin ɗari ga wanda ya biya cikin wa'adi. Wasu suna jinkiri da fatan afuwa, suna tuna ragin rabin kuɗi da aka fara a 18 ga Afrilun 2024 kan tsofaffin tarori, aka kuma tsawaita shi zuwa Afrilun 2025. Wannan rangwame ne na lokaci guda, babu wanda ya yi alkawarin za a maimaita, kuma mai jiran sa yana zaune ne ba ya iya tafiya ko da rasuwa aka yi masa a gida. Wanda bashi ya yi wa yawa gara ya fara rage shi kaɗan-kaɗan, tunda kowace tara da lambarta kuma ana iya biyan su ɗaya bayan ɗaya. Biyan kuma ta manhajar bankinsa ko ta hukuma kaɗai zai yi. Saƙon da ya zo da adireshin intanet yana cewa a latsa a samu ragi na 'yan damfara ne, haka ma dillalin da ya ce yana da wani a ciki da zai goge tara in an ba shi rabin kuɗin.

Sai batun lasi. Na gida ko na ƙasa da ƙasa yana yi wa mai ziyara aiki na ɗan lokaci, amma wanda ya karɓi iƙama ana bukatar ya mallaki na ƙasar da yake zaune. Tuƙi ba tare da shi ba yana iya sa kamfanin inshora ya dawo wa direba da nauyin diyya idan aka yi hatsari, a Kuwait kuwa yana cikin laifukan da ake korar baƙo daga ƙasar a kansu.