Lokacin Neman Wasiƙar Shaida ga Mai Son Karatun Likita

Ko da yake samun gurbin karatun likita a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ya rataya ne a kan makin JAMB da sakamakon WAEC ko NECO, akwai wurare biyu da wasiƙar shaidar malami take tsare wa yaro hanya, kuma tun da na soma koyar da ilmin halittu ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare, 'ya'yan Rawayya da Bungudu da Tsafe da cikin garin Gusau, kusan kullum a makare ake zuwa nemanta. Wuri na farko shi ne ranar rajista, inda akan bukaci tastimoniyal ta shugaban makaranta tare da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Na biyu, wanda ya fi tsanani, shi ne neman tallafin karatu a ƙasashen waje. Na gwamnatin Turkiyya, alal misali, a 'yan shekarun nan ana buɗe shi ran 10 ga Janairu a rufe ran 20 ga Fabrairu, kuma mai son likitanci sai ya kasance bai kai shekara 21 ba, makinsa bai gaza kashi 90 cikin ɗari ba.

Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun shardanta cewa wanda zai yi wa shaida tazkiyya a gaban alƙali lalle ya zama ya daɗe yana cuɗanya da shi, har ya san zahirinsa da baɗininsa. To, wasiƙar da malami yake rubutawa ita ma shahada ce, amana ce a wuyansa, saboda haka idan uba ya zo mini da dare yana cewa, “Malam, a taimaka, gobe za a rufe,” alhali yaron ya bar hannuna shekara biyu, abin da zan iya rubutawa bisa gaskiya bai wuce layi uku na yabon ladabi da biyayya ba, irin yabon da masu tantancewa suka gaji da karantawa. Abin da suke nema shi ne labarin yadda yaron yake riƙe madubin ganin ƙwayoyin cuta, da yadda ya tashi bayan ya faɗi jarrabawar kimiyyar sinadarai a aji huɗu, kuma wannan sai wanda abin bai shuɗe masa ba.

Ra'ayina shi ne a nemi wasiƙar tun yaro yana ajin ƙarshe, kafin a gama WAEC a watan Yuni, domin a makarantunmu na karkara sau da yawa 'yan bautar ƙasa ne suke riƙe da darussan kimiyya, shekara guda su tafi, su kuma malaman dindindin canjin wurin aiki ba ya sallama. Idan masu tallafin suna son sabon kwanan wata, sai a koma a Nuwamba a sabunta, kafin hutun Disamba ya kulle ofishin shugaban makaranta da hatiminsa a ciki. A ba malami kamar mako shida, a kawo masa sunan kwas ɗin da sunan yaron daidai yadda yake a katin NIN, wanda JAMB ta wajabta tun 2021, gama bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai ya isa ya sa a yi ta zirga-zirgar rantsuwa a kotu.

Ɗora takardun a intanet kuwa, duk wanda yake Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya makonni, ba ya bukatar a gaya masa ya gama da saura mako biyu kafin a rufe.