Kafin ka yar da tsohuwar kwamfutarka

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10, yana so kowa ya koma Windows 11. Ita kuwa tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, wadda kwamfutocin gwanjo da yawa ba su da ita. In za ka saya, sa mai shago ya gwada da PC Health Check a gabanka.

In taka ta tsufa, kada ka yar. Google na zawarcin irinta da ChromeOS Flex, amma ni na fi son Linux Mint: kyauta ce, kuma za ka iya gwada ta daga filashi ba ka goge komai ba. In za ka girka ta, kwashe takardunka tukuna. Mai cin abinci da CorelDRAW ya dakata, don yanzu ba a yin na Linux.