Direba da Juyen Mai

Wani direba a Boɗinga yana da tsohuwar akori-kura, ƙirar Peugeot 504. Da ita ya ke kai gero da albasa Shagari, da ita ya ke ci da gidansa.

Mai shi ne jinin inji. In ya daɗe, ƙura takan gurɓata shi, ya riƙa cin ƙarfe. Saboda haka direban ba ya sakaci da juye. Yakan ɗumama inji, ya kashe, ya kwance noti na ƙasa, tsohon mai ya tsiyaye cikin kwano. Sa'an nan ya sake matatar mai, ya ɗaure noti, ya zuba sabo, ya auna.

Har yau motar ba ta kwana a hanya ba. Rigakafi ya fi magani.