Uwar Mijina Ta Ce Ni Na Tsayar Da Al'adata

Malam, na rubuto maka ne da ƙunar zuciya, domin uwar mijina, wadda na riƙe tamkar mahaifiya tun ranar da aka kawo ni gidan nan, ta tsaya a tsakar gida gaban ƙannen mijina ta ce wai ƙwayoyin hana haihuwa nake sha a ɓoye, shi ya sa al'adata ta ɗauke. Wallahi ban taɓa sha ba. Iyakar abin da na sani, tun da aka fara yi mini gorin ƙiba na bar tuwon dare, na koma shayin rage teɓa da azumin nafila, har kayan lefena suka yi mini yawa. Abin da ya fi ci mini rai, maigidana yana tsaye bai ce uffan ba. Malam, yaya zan wanke kaina a idonta?

'Yarka, daga Zariya

'Yata, kin cika takarda da zancen surukarki, alhali ba ki gaya mini shekarunki ba, balle watannin da jinin ya yi bai zo ba, ko an auna ki an tabbatar ba juna biyu gare ki ba. Amma a tsakiyar kukan naki kin ambaci ainihin mas'alar, wato kin hana cikinki abinci saboda bakin mutane, kuma a kan wannan ne zan yi miki faɗa.

Ki sani cewa kitsen da aka goranta miki yana da aikin da Allah Ya halicce shi dominsa, gama shi ne yake fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller ta Amurka a 1994, bayan masana sun daɗe suna al'ajabin wasu ɓeraye masu tsananin ƙiba da ba sa haihuwa. Da aka yi wa matan ɓerayen allurarsa a 1996, sai ga su da ciki. Leftin kamar jakada yake, mai kai wa sarki labarin abin da ya saura a rumbu: yakan bi jini har gindin ƙwaƙwalwa, wurin da likitoci ke kira haifotalamus, ya sauka a kan makarɓansa, sannan a ba da izinin sakin wani sinadari mai suna GnRH, shi kuma ya tayar da sinadaran LH da FSH, waɗanda suke umartar gidan ƙwai ya nunar da ƙwai ya kuma fitar da sinadarin istirojin. To, idan mace ta azabtar da kanta da yunwa, cikin 'yan kwanaki leftin yakan yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta yanke hukuncin cewa babu guzurin ɗaukar ciki, ta dakatar da haila. In kuwa abin ya daɗe, ƙarancin istirojin yakan raunana ƙashi. A 2004 likitoci a Boston sun ba mata takwas masu irin wannan lalura leftin, uku daga cikinsu suka koma sakin ƙwai. Haka nan idan ƙiba ta wuce haddi, leftin yakan yi yawa amma makarɓansa su daina jin saƙonsa, don haka tsakaitawa ita ce maslaha.

Kada ki tafi kemis neman allurarsa, domin naki leftin yana cikin tukunyarki. Ki zubar da shayin nan, ki koma cin abinci sau uku, ki jinkirta nafila har jiki ya murmure, tunda jikinki amana ne a wuyanki. Sannan ki roƙi maigidanki ya raka ki wurin likitan mata, a yi awon ciki da na jini, saboda akwai wasu cututtukan da sukan ɗauke haila. Bayanin da zai ji da kunnensa daga bakin likita, shi zai wanke ki wurin mahaifiyarsa fiye da rantsuwa dubu. Allah Ya ba ki lafiya da zuriyya ɗayyiba.