Kalmar «vanload»: mota ce, ko abin da ta ɗauko?

Ɗalibin da ke fassara daga Ingilishi yakan ci karo da «vanload» ya ɗauka sunan wata irin mota ce. Ba haka ba ne. Harɗaɗɗen suna ne mai sassa biyu: «van», ƙaramar motar kaya mai rufi, da «load», wato kaya. Ta farkon gutsure ce daga «caravan», kalma mai tushe a Farisanci da ke nufin ayari; ta biyun kuwa ita ce Hausa ta ara ta mayar da ita «lodi».

A harɗaɗɗen sunan Ingilishi, sashen ƙarshe ne jigo. Saboda haka «vanload» kaya ne gwargwadon abin da motar ke ɗauka, kuma a ƙarshen ne alamar jam'i ke sauka: «vanloads». Hausa takan sa jigo a gaba, ta ce «lodin mota».

Aikinta a jimla shi ne awo, amma awo na kintace, babu wanda ya ɗora kayan bisa sikeli. Ana cewa «a vanload of books», ana kuma auna mutane da ita: «two vanloads of police». A nan «lodi» ba ta dace ba. Bahaushe cewa yake «ƴan sanda mota biyu», sunan motar kansa ya zama ma'auni. Faransanci ɗafa-ƙeya yake amfani da ita, kamar a «cuillerée» da «brouettée».

Idan aka ce «by the vanload», yawa kawai ake nufi, ko da ba a ga mota ba.