Shawarwari: Yadda kofunan gilashi za su sha hanya su isa lafiya

Ranar da muka kai jeren ɗiyar yayata daga Gwadangaji zuwa Argungu, tun ba mu wuce Ambursa ba muka fara jin ƙaras-ƙaras daga bayan a-kori-kura. Kowa ta ji, babu wadda ta ce uffan. Da aka sauke kwalin a ƙofar gidan ango, cikin kofuna 12 da uwar amarya ta saya da kuɗin adashe, 5 ne suka fito da ransu, sauran sai tsintsiya ta kwashe. Tun daga ranar ni ce mai ɗaure kayan fashewa a danginmu, ko biki ne, ko tashi daga gidan haya, ko an yi wa wani canjin wurin aiki zuwa Jega ko Kamba.

Abu biyu ke kashe kofi a mota: ya gogi ɗan'uwansa, ko ya sami filin rawa a cikin kwali. Turawa masu yawo da motar da ake kwana a yi girki a cikinta ma da wannan suke fama, har kabad mai sakata suke kafawa. Mu nan tsumma da kwali sun ishe mu, in an san yadda ake yi da su.

1. Ki fara tambayar kanki ko dole ne a tafi da gilashin.
In kallon bikin kamun kifi za ku je Argungu, wanda ake yi tun 1934, cunkoson bakin kogin Matan Fada ba wurin gilashi ba ne. Kofin silba ko na roba ya wadatar, ya faɗi sau goma ki ɗauka ki ɗauraye. Ki bar wahalar ɗauri ga tafiyar da ba makawa, irin jere da ƙaura.

2. Ki wanke, ki shanya, ki ɗaga kowanne a rana.
Kofin da ke da 'yar tsaga kamar silin gashi ba zai kai ba, domin kowace girgizar mota ƙara buɗe ta take yi, kuma in ya tarwatse sai ya ja na kusa da shi. Ki ƙwanƙwasa shi da farce: lafiyayye ƙararsa garau, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe. Irin wannan a bar shi gida ya zama na zuba cokula.

3. Kowane kofi da rigarsa.
Na gwada jarida, na gwada leda, na gwada tsohon ɗankwali, ban ga abin da ya kai tsohuwar safa ba, musamman ta 'yan makaranta wadda 'yar'uwarta ta ɓata: ki cusa tsumma a cikin kofin, ki zura shi a safar, ki naɗe bakin. Jarida ma tana yi in kin ninka ta biyu ko uku, sai dai tawadarta kan kama gilashi, a sake wanki bayan an isa. Leda kaɗai kam yaudara ce, santsi gare ta kuma ba ta tare bugu.

4. Masu doguwar ƙafa, ki fara da ƙafar.
Waɗannan na kwalliyar kabad da amare ke so, a ƙugu suke karyewa, inda ƙafar ta haɗu da cikin. Ki naɗa tsumma a ƙafar har kaurinta ya kusa kai na saman, sannan ki naɗe kofin gaba ɗaya.

5. Kar ki cusa kofi cikin kofi tsirara.
Mun saba ganin matan Fulani in za a tashi ruga, sun jera ƙwarya cikin ƙwarya sun ɗaure a bayan takarkari, sai mu ɗauka haka ake yi wa komai. To ƙwarya ba ta da nauyi kuma tana ɗan jure matsi, gilashi kuwa na sama yana nitsewa cikin na ƙasa kamar weji har ya tsaga masa baki. In wuri ya yi miki kaɗan dole sai kin haɗa, ki sa tsumma tsakani, kuma kar su wuce bibbiyu. Waɗanda suka riga suka manne kar ki murɗa da ƙarfi: zuba ruwan sanyi a na ciki, tsoma gindin na waje a ruwan ɗumi, ki ɗan jira, da kansu za su saki juna.

6. Ki nemi kwali mai ɗaki-ɗaki.
Kwalin da kofunan suka zo a ciki daga kanti shi ne sarki, don haka in kin sayi sabbi kar ki ba yara su yi mota da shi, ki jefa shi saman kabad. In babu, ki roƙi mai kemis ko mai turare kwalin kwalabe, ko ki yanka wani kwalin ki sarƙa shi da kanki. Kiret ɗin lemo mai gida 24 ma yana ɗaukar siraran kofuna in an naɗe su. Dubi Buzaye masu shayi: 'yan ƙananan kofunansu na yawo tun daga Agadas har kasuwanninmu, kuma dabarar ba ta wuce ɗan akwati da kowane kofi ke da gurbinsa ba.

7. Kwali mai laushi, ki saka shi cikin abu mai tauri.
Babbar kular abinci, ko bokiti mai murfi, ko kwalla, duk sun fi kwali jure a ɗora musu kaya, kuma dama tare za a tafi da su, wofi. Ki yi gammo da tsohon zane a ƙasa, ki jera kofunan, ki toshe tsakaninsu da kayan yara. Tunda Allah Ya hore mana shinkafa a fadamar Rima, buntun da ake zubarwa a bakin inji ma yana cike gurbi da kyau, amma a ƙulla shi a ƙananan ledoji, in ba haka ba ƙaiƙayinsa zai bi ki har ɗakin amarya.

8. Kofi a tsaye, farantin tangaran a kan gefensa.
Kofin da aka kwantar cikinsa ne ke ɗaukar nauyin abin da ke sama, nan ne kuma ba shi da ƙarfi. Faranti kuwa in an jibga su kwance na ƙasa ne ke shan duka a kowane rami, don haka ki tsayar da su kamar littattafai, da tsumma ko kwali tsakani. Masu kauri su zauna ƙasa, marasa nauyi a sama.

9. Kafin ki ɗaure, ki girgiza.
Ɗauki kwalin da hannu biyu ki jijjiga shi kusa da kunnenki. In kin ji ko da ƙis, buɗe ki ƙara tsumma. Sai ya yi shiru kamar buhun gari za ki sa salatif, har da gindin kwalin, don ta nan yake zubewa in an ɗaga.

10. Ki zaɓa masa wurin zama kamar tsohuwa.
Can ƙarshen but, bayan tayoyin baya, nan ne mota ta fi tsalle a rami da tudun rage gudu. Wuri mafi natsuwa shi ne tsakiyar mota, a ƙasa bayan kujerar direba, ki tokare shi da filo kar ya zame in an taka birki. A a-kori-kura kuwa a jingina shi da bayan gidan direba, kan katifa, nesa da ƙafafun gado da tukunyar gas.

11. Ki tsaya a kan kayan har a gama lodi.
Rubuta "gilashi" a jikin kwali yana da kyau, amma yaron mota da rana ta gasa ba karatu ya zo yi ba, buhun shinkafa zai ɗora a kai ya ja igiya ya taka da ƙafa. Ki gaishe shi, ki ce, "Ɗana, wannan na fashewa ne, bar shi ƙarshe," ki ɗan ba shi na ruwa. In motar tasha ce kuma kwalin ƙarami ne, ni dai a cinyata yake tafiya, ko da 'yan mota za su yi ta dariya.

12. A kabu-kabu da kwale-kwale, a riƙe a hannu.
Kwalin da aka ɗaure da roba a bayan babur yana shan kowane bugu kai tsaye, kuma robar kanta tana murƙushe shi. Masu tsallaka gulbi da damina su sa kwalin cikin babbar leda ko bokiti, domin kwali in ya sha ruwan gindin jirgi, ana ɗagawa sai dai a ga kofuna a ƙasa.

13. Kar ki zuba ruwan ƙanƙara a kofin da ya fito daga mota.
A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, kofin da ya wuni a but zafi yake kamar an sauke shi daga murhu. Sanyi ya same shi farat ɗaya, cikinsa ya tsuke wajensa bai tsuke ba, sai ki ji tas. Ki buɗe kwalin a inuwa su huce tukuna, baƙi su yi haƙuri da moɗa.

14. In gidanku masu yawan tafiya ne, ki sayi masu jure wahala.
Akwai gilashin da aka gasa aka sanyaya da sauri don ya yi ƙwari, irin na Duralex da ake yi a Faransa tun 1945. Ki duba gindin kofin, sunan na nan a rubuce. Ya fi tsada, amma yakan faɗi ya tashi, kuma ranar da ya fashe ƙanana-ƙanana yake zama maimakon dogayen tsini masu yanka. Gajere mai kaurin gindi kullum ya fi dogo siriri kai labari.

15. In ɗaya ya fashe duk da haka.
Kar ki zura hannu cikin kwalin kina lalube. Ki kore yara, ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ki fito da su ɗaya-ɗaya, ki kakkaɓe kowace safa nesa da inda ake zama. Ɓurɓushin ki bi shi da jiƙaƙƙen tsumma, manyan kuma ki naɗe su a kwali ki ɗaure kafin ki kai bola, saboda almajirai da masu jari-bola da ke tona ta da hannu. Sauran kofunan a ɗauraye su sau biyu kafin kowa ya kai baki.