Darasin Lafiya: Yadda Za Ki Gane Ruwa Na Taruwa A Jikin Mai Ciwon Zuciya

Darasinmu na wannan fitowar ya shafi duk wadda likita ya ce zuciyarta ta yi rauni, ko take jinyar mai wannan larura. Idan zuciya ta gaza harba jini yadda ya kamata, ƙoda sai ta riƙa riƙe gishiri da ruwa, ruwan ya taru a ƙafafu, ciki da huhu. To amma ba dare ɗaya yake taruwa ba, kuma kina iya gano shi daga ɗakinki.

Na farko, sikeli. Ki hau kowace safiya bayan kin yi fitsari, kafin karin kumallo, da kaya marasa nauyi, ki rubuta a littafi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Saboda haka in kika ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, wannan fa ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Ki nemi likita ranar.

Na biyu, ki danna ƙwaurinki da babban yatsa na ɗan lokaci. In wurin ya lotsa bai dawo da wuri ba, akwai ruwa. Haka in zobe ko takalmi ya fara matse ki.

Na uku, matashin kai. Da ɗaya kike kwana, yanzu sai kin tara uku? Ko haki na tashin ki cikin dare? Ruwa ya kai huhu ke nan.

Masu jego, a kula. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura ciwon yana yawan kama mata bayan haihuwa, suka alaƙanta shi da kunun kanwa da wankan jego mai zafi. Kanwa da dunƙulen miya duk danginsu ɗaya da gishiri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya.

Don Allah kada ki bar maganin sa fitsari wai don ya dame ki da zagayawa, kuma ki guji ibuprofen da diclofenac, suna riƙe ruwa. In kuwa numfashi ya sarƙe kina zaune, maza asibiti, ko da tsakar dare ne.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.